Yadda ake yin kes sitadi na gaskiya a furojek ko tesis

In ka shiga laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko laburaren difatmen ɗinku a harabar Kongo ko tsohuwar kwalejin ilimi ta FCE, ka ɗauko furojek ɗin ɗaliban da suka gama, zaka ga da yawa takensu yana ƙarewa da cewa kes sitadi ne na Ƙaramar Hukumar Zariya ko ta Sabon Gari, amma da ka buɗe babi na uku sai ka tarar kwashaniya aka raba wa mutane, aka zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, aka fito da tebur da kaso-kaso, shikenan. Wannan binciken ƙidayar ra'ayi ne, kuma shima hanya ce mai kyau in an yi shi daidai, amma ba shine kes sitadi ba. Abin yana damuna ne saboda ɗalibanmu suna zaune a tsakiyar abubuwan da suka cancanci a tono su sosai, ga yare suna ji, ga mutanen sun san iyayensu, amma sai a ɓige da fom ɗin da aka cike a kan benci a bakin fakalti.

Kes sitadi shine ka ɗauki abu ɗaya mai iyaka, makaranta ɗaya ko ƙungiya ɗaya ko shiri ɗaya na gwamnati ko ma mutum ɗaya, ka bi shi ciki da waje a inda yake rayuwarsa, da hujjoji kala-kala, har ka gane yadda yake tafiya da dalilin da yasa yake tafiya haka. Kamar haƙa rijiya ne, wuri ɗaya zaka tsaya kayi ta nutsawa har ka cimma ruwa. Kuma mu a nan ƙasar Zazzau ba baƙon abu bane. A Giwa Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954, har gobe masu nazarin rayuwar matan Hausawa suna komawa gare shi, alhali mace ɗaya ce tal aka yi hira da ita.

Toh abu na farko, tun kafin ka rubuta take, ka duba irin tambayar da kake son amsawa. In tambayarka ita ce mutum nawa, ko kashi nawa cikin ɗari, to ka tafi ka raba kwashaniyarka, wannan ba hurumin kes sitadi bane. In kuwa tambayarka ta fara da ta yaya ko me yasa, kuma abin yana faruwa ne yanzu a cikin al'umma, ba zaka iya ɗauke shi ka kai lab ka jujjuya ba, to ka zo gida. Wannan ita ce ƙa'idar da Robert Yin ya shimfiɗa a littafinsa na 1984, wanda kusan duk supabaiza zai ce ka nemo. Bari in ɗauki misali ɗaya mu tafi dashi har ƙarshe: a ce kana Tsimi da Tanadin Noma ko Soshiyoloji, kana son sanin yadda wata ƙungiyar manoman rani a bakin kogin Galma wajen Dakace ta tsallake annobar tsutsar tumatir ta 2016, waccan Tuta absoluta da ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, alhali wasu ƙungiyoyin sun watse. Ka ga wannan tambaya ce ta yaya akayi, babu fom ɗin da zai amsa maka ita.

Daga nan sai ka kewaye abin da katanga, kuma anan ne ɗalibai suka fi zamewa. Ka rubuta a takarda, a jimla biyu ko uku, menene ainihin abinda kake nazari, daga yaushe zuwa yaushe, a ina, su waye a ciki su waye a waje. A misalinmu ƙungiyar ce abin nazari, ba kowane manomi ɗaya-ɗaya ba, ba kuma noman tumatir a Najeriya ba. Lokaci a ce daga 2015 zuwa 2018. Dillalan da ke zuwa da motoci su sayi kwando-kwando, da masu sayar da maganin feshi, da malamin gona, duk zaka yi magana dasu amma a matsayin mahallin da ƙungiyar take ciki. In baka yi wannan katangar ba wallahi zaka tsinci kanka wata shida kana tara bayanai a kan taki da farashin fetur da rikicin fili, kowanne da daɗin ji, amma babu wanda ya amsa tambayarka. Ƙaramar hukuma gaba ɗaya ta yi faɗi ga ɗalibin digiri na farko mai zango ɗaya ko biyu a hannu, har mai masta ma sai ya yi da gaske.

Sannan dole ka iya faɗin dalilin da yasa ka zaɓi wannan ɗin ba wani ba. Don yana kusa da gidanmu dalili ne na gaskiya kuma ba laifi ka faɗe shi, amma ba zai tsaya shi kaɗai ba. Ko dai ka zaɓe shi don ya fita daban, kamar ƙungiyar da ta tsira a lokacin da saura suka faɗi, ko don shine gama-gari wanda ya yi kama da sauran, ko don ka samu ƙofar shiga inda wasu basu taɓa samu ba. Robert Stake a 1995 ya raba abin gida uku: wanda kake nazari don shi kansa ya burge ka, wanda kake amfani dashi don fahimtar wata matsala da ta fi shi girma, da kuma wanda ka haɗa guda biyu ko fiye. In zaka haɗa fiye da ɗaya, ka zaɓe su da hikima yadda bambancinsu zai koya maka wani abu. Dubi yadda David Norman ya yi a IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, a shekarun 1960, ya ɗauki ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Dan Mahawayi, ya zaɓe su ne bisa kusancinsu da Zariya da sauƙin zuwa kasuwa, ɗaya a bakin gari, ɗaya a kan hanya, ɗaya can ciki. Daga irin wannan aikin ne ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da manomanmu keyi lissafi ne mai ma'ana, yana rage asara yana kuma daidaita aiki, a lokacin da masana da yawa ke ganin rashin wayewa ne. Shawarata ga mai digirin farko, ka tsaya a kan ɗaya. Mai masta zai iya biyu ko uku in yana da lokaci da kuɗin mota.

Karatun abinda wasu suka rubuta kuwa ba sai na tsawaita ba, kowa ya san babi na biyu. Abinda kawai zan ƙara, ka fito daga karatun da hasashe biyu ko uku a rubuce, misali kana zaton ƙungiyar ta tsira ne saboda asusun adashen da suke dashi, ko saboda sun koma shuka albasa da attaruhu da wuri. Hasashen nan shine zai nuna maka inda zaka duba in ka shiga fili, kuma ka shirya cewa zai iya rushewa.

Kafin ka taka ƙafa, ka zauna ka rubuta tsarin aikinka, shafi biyu ko uku sun isa: wa da wa zaka gani, wane takardu zaka nema, me zaka je ka kalla da idonka, tambayoyin da zaka fara dasu, da yadda zaka ajiye komai. Ka kai wa supabaiza ya gani ya sa hannu. Ka karɓi takardar gabatarwa daga difatmen mai hatimi. In bincikenka ya shafi marasa lafiya ko bayanan asibiti, irin na asibitin koyarwa na Shika, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince tukuna, kuma wannan yana ɗaukar lokaci don haka ka fara nema da wuri.

Yanzu shiga gari. Takardar difatmen tana da amfani a ofis, amma a ƙauye ko cikin unguwa gaisuwa ce ke buɗe ƙofa. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka je da wani ɗan gari da aka sani, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi, ranka ya daɗe ni ɗalibi ne daga jami'a, karatu nake yi a kan yadda manoman nan suka yi da tsutsar tumatir, na zo neman izini da albarka. Shi zai haɗa ka da sarkin noma ko shugaban ƙungiya. Kuma tun a ranar farko ka faɗa a fili cewa kai ba daga gwamnati kake ba, ba ka zo rubuta sunaye don rabon taki ko bashi ba, domin da zarar an zaci tallafi ka kawo to kowa zai zama talaka fitik a bakinsa, wanda ya kwashe kwando ɗari zai ce maka ko goma bai samu ba, kuma duk abinda ka tara daga nan ya gurɓata. Ka san lokacin mutane. Manomin rani da sassafe yana bakin injin ban-ruwa, ba zai saurare ka ba, ka bari sai bayan la'asar an dawo an zauna a dakali. Ranar kasuwa da ranar Juma'a kafin masallaci ka bar su. In akwai mata a cikin lamarin, kuma kusan kullum akwai, don su ke yanka tumatir su shanya kauɗa, su ke riƙe adashe, to namiji ba zai shiga gidan da aka ce ba shiga ba, ka nemi 'yar ajinku ko ƙanwarka ka koya mata tambayoyin ta shiga ta zauna da su Inna da su Hajiya a tsakar gida. Ke kuma ɗaliba kina da wannan damar da maza basu da ita, ki yi amfani da ita.

Zuciyar aikin ita ce tara hujja daga wurare daban-daban. Yin ya lissafa guda shida: takardu, tsofaffin bayanan ajiya, hira, kallo da ido, shiga cikin aikin tare da mutanen, da kayayyakin da ake iya taɓawa. Ba dole sai ka haɗa duka ba, amma kar ka yarda ka tsaya a kan ɗaya, uku dai ya kamata ka samu.

Hira ita ce babba. Kar ka riƙe takarda kana karanto tambaya kamar ɗan sanda, ka haddace manyan tambayoyinka biyar ko shida ka bar zance ya tafi. Maimakon ka ce Baba shin ƙungiya tana taimaka muku, wanda amsarsa eh ce kawai, ka ce Baba a bani labarin ranar da kuka fara ganin ganyen yana ƙonewa, me kuka fara yi, wa kuka fara kira. In ya ce ai mun sha wuya, kar ka wuce, ka ce kamar yaya, a bani misali. In ya yi shiru ka bar shi da shirunsa, sau da yawa maganar da ke biyo bayan shirun ita ce wadda ka zo nema. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka sa wayar a yanayin jirgi don kira kar ya katse maka, ka gwada ta a gida tukuna, ka kuma nesanta da ƙarar inji. Wanda ya ce kar a ɗauki muryarsa ka mutunta shi ka rubuta da hannu. Sannan kar ka tsaya a kan shugabanni kaɗai, shugaba zai baka labarin da ya saba ba baƙi. Ka nemi wanda ya fita daga ƙungiyar cikin fushi, ka nemi ƙaramin manomi mai ɗan fegi ɗaya, ka nemi yaron da ke aikin ƙodago. Mutum nawa zaka yi hira dasu? Babu lamba tsayayya, kana ci gaba har sai ka ga sabbin mutane suna maimaita abinda ka riga ka ji.

Takardu kuma ɗalibai suna raina su alhali suna da daraja sosai. Kusan kowace ƙungiya tana da wani littafi mai bangon kwali a hannun sakatare, inda ake rubuta taro da kuɗin wata da tarar wanda bai zo ba, wani da boko wani da ajami. Ka roƙa a nuna maka, ka ɗauki hoton shafukan in an yarda. A nan ne zaka ga watan da mutane suka daina biyan kuɗi, da ranar da aka fitar da kuɗi aka sayi magani, da sunayen da aka ja wa layi. Rasit ɗin mai shagon magani, saƙonnin murya a guruf ɗin WhatsApp in suna dashi kuma sun yarda, rahotannin NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta jami'ar, da na IAR a kan wannan shekarar, duk hujja ne. In abin naka yana da tushe a tarihi, ka shiga mota zuwa Kaduna, akwai Gidan Arewa da kuma Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa inda fayilolin lardin Zariya na zamanin Turawa suke.

Sai kallo. Ka je gonar, ka zauna a taronsu, ka ga wa ke magana wa ke shiru, wa ake jira kafin a fara, yadda ake karɓa-karɓar injin ruwa. Ka riƙe ɗan littafi, kuma a daren ranar ka rubuta duk abinda ka gani kafin ka kwanta, da kwanan wata da wuri, ka ware abinda ka gani da idonka daga abinda kake zato. In ka bari sai jibi rabinsa ya tafi.

Amfanin tara su daban-daban shine ka gwada su da juna. Shugaba ya ce maka kowa an raba masa magani daidai, littafin sakatare ya nuna mutum goma sha biyu ne suka karɓa cikin talatin, wanda ya fita kuma ya ce ai sai wanda ya biya kuɗin wata uku aka ba. Kar ka ɓoye wannan saɓanin don aikin ya yi kyau, saɓanin nan shine bincikenka, ka koma ka tambaya cikin ladabi har ka gane me ya faru.

Ajiya kuma, kowace hira ka bata lamba da kwanan wata, ka tura kwafi zuwa Google Drive ko imel ɗinka a ranar, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta. Ka juye hirar zuwa rubutu da Hausar da aka yi ta, kalma da kalma, kafin ka fassara zuwa Turanci, kuma ka sani hirar awa ɗaya tana iya cin awa huɗu zuwa shida wajen juyewa, don haka kar ka tara su sai ƙarshe. Ka canza sunayen mutane tun a wannan matakin, in garin ƙarami ne har muƙami ka ɓoye, domin in ka ce ma'ajin ƙungiya kowa ya san ko waye.

Wajen nazari, fara da jera abubuwan da suka faru bisa lokaci, wata bayan wata, a kan babbar takarda. Wannan kaɗai zai nuna maka giɓi da kuma me ya riga me. Sannan ka karanta rubutun hirarrakin kana sa wa kowane yanki alama a gefe, nan maganar bashi ce, nan ta amana, nan ta canza shuka, nan ta dillalai. Akwai manhajoji irin NVivo da ATLAS.ti, amma mai hira ashirin biro kala uku da Microsoft Word sun ishe shi. Alamomin da suka yi ta dawowa ka haɗa su su zama manyan jigogi, sai ka ɗauko hasashen da ka rubuta tun farko ka gwada. Kuma ga abinda ke raba aiki mai ƙarfi da mai rauni: ka nemi wani bayanin da zai iya ƙaryata naka, ka bi shi da gaske. Kana cewa adashe ne ya cece su, to idan kuma wani ɗan siyasa ne ya basu kuɗi a wannan shekarar fa, ko gonakinsu ne tsutsar bata kama sosai ba? Ka nemi hujjar da zata kore waɗannan ko ta tabbatar dasu. In ta tabbatar, ka rubuta hakan.

Kafin ka kammala, ka koma wurin mutum uku ko huɗu daga cikinsu ka faɗa musu da baki abinda ka fahimta, ka ji ko zasu ce haka ne ko a'a ba haka akayi ba. Ba dole ka karɓi duk gyaransu ba, amma zaka kama kura-kurai na suna da shekara da ma'ana waɗanda ba wanda zai kama maka a Samaru.

A rubutu, babi na uku ka bayyana komai dalla-dalla, me yasa kes sitadi, me yasa wannan ɗin, su wa ka gani, tsawon wane lokaci, da alaƙarka da wurin in kai ɗan garin ne. Babi na huɗu ka fara da bayanin wurin da labarin yadda abin ya gudana, sannan jigogi, kana kawo maganganun mutane kaɗan-kaɗan inda suka fi ƙarfi, kowace da lambar hirar da ta fito. Tebur yana da wuri in akwai alƙaluma daga littafin sakatare, kes sitadi bai hana lissafi ba.

Ranar difens kuwa, wato ranar da zaka kare aikinka gaban malamai, ka shirya wa tambaya ɗaya da kusan tabbas zata zo daga wani malami a kan tebur: ta yaya ƙungiya ɗaya zata wakilci manoman Kaduna? Ka amsa a natse cewa Malam ban ce tana wakiltarsu ba, ban ɗauke ta a matsayin samfurin ƙidaya ba, abinda na fitar shine bayanin yadda asusun haɗin gwiwa da saurin canza shuka suke aiki a lokacin annoba, da sharuɗɗan da suka sa ya yi aiki a nan, wanda wani zai iya ɗauka ya gwada a wuraren noman rani irin Kadawa ko Bakolori ya ga ko zai tsaya. Ka tabbatar wannan maganar tana rubuce a sashen iyakokin bincike a babi na ɗaya ko na biyar, ka kuma je da fayil ɗin hirarrakinka da hotunan takardun a jaka, in an ce ina ka samo kaza ka buɗe ka nuna shafin.